Yayana ya ƙi allurar korona, Inna kuma tana da ciwon suga: in hana shi shiga ɗakinta?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a nan Yamai, amma gidanmu yana Tahoua. Mahaifiyarmu tana da shekara 68, tana fama da ciwon suga da hawan jini. A 2021 na kai ta aka yi mata allurar korona ta farko, ta yi zazzaɓi kwana biyu, sai yayanmu ya ce kun ga abin da nake faɗa muku, ya hana a koma yin ta biyu. Shi ɗan kasuwa ne, kullum yana kan hanya tsakanin Ƙonni da Sakkwato da Kano, kuma shi ke riƙe da gidan tun rasuwar babanmu. Bai yi allurar ba, ya ce ba zai yi ba, wai tana hana haihuwa, kuma korona cutar Turawa ce. Yanzu da aka ɗage dokoki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama, cewa yake mai tsoro ya zauna ɗaki. Bayan Sallar Layya za a ɗaura auren autarmu, gida zai cika. Cikin fushi na rubuta a zauren WhatsApp na gidanmu cewa in bai yi allura ba kada ya ƙara shiga ɗakin Inna, kuma in wani abu ya same ta alhakin yana wuyansa. Tun ranar bai ƙara ɗaukar wayata ba, Inna kuka take yi, amarya kuma ta ce na ɓata mata biki. Ni ce ban kyauta ba? Yaya zan yi?"

'Yar uwarku daga Yamai

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa a yi taro a watse cikin farin ciki. Tsoron da ke ranki yana da tushe. Mace mai shekara 68 da suga da hawan jini tana cikin mutanen da korona ta fi kwantarwa, kuma duk wanda ya ce miki kin cika tsoro bai san halin cutar ba. Sai dai zan faɗa miki gaskiya tun daga farko, don lokaci ya ƙure: kin tattara ƙarfinki kan hannun Yaya, alhali allurar da za ta fi kare Inna ita ce wadda za a yi a hannun Inna da kanta, wadda aka fara a 2021 aka bari.

Bari mu fara da maganar "an gama". Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ranar 5 ga Mayu 2023 shi ne janye matsayin gaggawa da ta sa wa cutar tun farkon 2020. A cikin sanarwar nan ɗin ta ce ƙwayar cutar tana nan tana yawo, tana kuma kashe mutane. Mu nan Nijar dokokinmu sun daɗe da sassautawa: an ga mutum na farko mai cutar ranar 19 ga Maris 2020, aka sa dokar hana yawon dare a Yamai, aka hana sallar jam'i, sannan cikin watan Mayun wannan shekarar aka buɗe masallatai, a Agusta jirage suka dawo, iyakokin ƙasa kuma suka buɗe a Yunin 2021. Ma'anar ɗage doka ita ce hukuma ta daina tsayawa bakin ƙofar kowa. Tsaron tsohuwa mai ciwo ya koma hannun 'ya'yanta. To a nan Yaya ya faɗi rabin magana ya bar rabi. Gaskiya ne babu mai tilasta masa allura, jikinsa nasa ne. Amma Inna dama a ɗaki take zaune, ba ta zuwa tasha, ba ta zuwa kasuwar Ƙonni, mutane ne ke shigo mata da abin da suka kwaso. "Mai tsoro ya zauna ɗaki" ba ta kare wanda ake iske shi har ɗakin.

Yanzu ga abin da zai yi miki nauyin ji. Allurar korona tana da ƙarfi wajen hana cutar tsananta, wato hana kwanciya asibiti da rasa rai. Wajen hana mutum kamuwa ko yaɗawa kuwa ƙarfinta kaɗan ne, musamman tun da nau'in Omicron ya bayyana a ƙarshen 2021, kuma wannan ɗan ƙarfin yana raguwa cikin 'yan watanni. Ko da Yaya ya yi allura gobe, yana iya dawowa daga Kano da tari ya shafa wa Inna. Ke ma, ko da kin yi taki allurar, za ki shiga motar Yamai zuwa Tahoua, fiye da kilomita 500 ta Dosso da Dogondutsi da Ƙonni, gilasai a rufe, sanyin mota na juya numfashin mutum hamsin ko sittin, ki sauka ki rungume ta. Sharaɗin da kika gindaya masa ya raba gidan gida biyu, masu allura da marasa allura, alhali rabon da ya shafi Inna shi ne mai mura da marar mura.

Ki kuma duba daga ina taurin kansa ya fito. Ɗan kasuwar iyaka ya sha wuya: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, korona ta zo ta ɗora nata rufin a kai, ga gida a wuyansa. Mutumin da ke zuwa Kano kuma ba zai rasa jin labarin gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, abin da ya kai har kotu, ya kuma taimaka wajen ƙin allurar shan inna a can a 2003. Shakkarsa tana da mafari, ko da hukuncin da ya yanke kuskure ne. Ga shi kuma da idonsa bai ga gawarwaki a titi ba. Alƙaluman hukuma a Nijar ba su kai mutum 10,000 da suka kamu ba, waɗanda suka rasu ɗari uku da 'yan kai. Dalilai biyu ne manya: kusan rabin 'yan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, cutar kuwa ba ta cika kayar da yara ba, sannan gwaji ya yi ƙaranci, tsoho ya yi tari ya rasu a ce ajali ne a binne. Amma ta kashe namu. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da ita a farkon Mayun 2020, kuma bai kai shekarun Inna ba. Maganar hana haihuwa kuwa, an yi allurar nan sama da sau biliyan 13 a duniya, an bi diddigin maza da mata masu neman haihuwa da masu ciki, ba a ga ta rage haihuwa ba. Zazzaɓin kwana biyu da Inna ta yi shi ne abin da aka saba gani, jiki ne ke aikin haɗa garkuwa, yakan wuce cikin kwana ɗaya zuwa uku. Akwai wata matsalar daskarewar jini da aka gani bayan allurar AstraZeneca da ta Johnson & Johnson, gaskiya ce, amma ba kasafai take faruwa ba ko kaɗan, kuma an fi ganinta ga waɗanda ba su kai shekarun Inna ba. In ya tayar da wannan kada ki musa, domin ranar da ya kama ki kin ɓoye gaskiya ɗaya, sauran maganganunki duka sun zube a wurinsa.

Saƙon da kika rubuta ya yi masa ciwo ta wuri biyu. Kin yi wa babban wa iyaka da ɗakin uwarsa a gaban ƙannensa da matansu, kin kuma ɗora masa alhakin rai tun kafin komai ya faru. Wannan na biyun ki janye shi gaba ɗaya. A taron da mutum ɗari biyu za su shiga su fita babu wanda zai iya cewa ga wanda ya kawo cuta, domin mutum yana yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa. Kalma irin wannan in ta zauna, ko da wani ciwon daban ne ya zo, zumunci ne zai biya. Tun da ba ya ɗaukar waya, ki bi ta hannun kawu ko gwaggo da yake jin nauyinsu, su ce masa kina neman gafara kan yadda kika yi magana. A zauren da kika yi laifin kuma ki rubuta layi biyu: "Yaya, ka yi haƙuri, na yi magana cikin fushi, bai kamata in faɗi haka a nan ba." Idan ya ɗauki waya, kada ki ambaci allurarsa. Ki ce masa: "Yaya, maganar allurarka na bar ta, kai ka san abin da ya dace da kai. Abu biyu nake roƙo saboda Inna, kuma kai ne za ka iya tsayar da su, ni ba za a ji maganata ba." Mutumin da ke ciyar da gida ya fi saurin karɓar aikin da aka damƙa masa a kan dokar da aka kafa masa.

Abu na farko shi ne allurar Inna, kuma a nan mai yanke hukunci Inna ce. A wasiƙarki na ji abin da Yaya ya ce da abin da kika ce, ban ji wanda ya tambaye ta ba. Ki zauna da ita ko ki kira ta ku biyu, ki gaya mata abin da allurar ke yi da abin da ba ta yi, sannan a kai ta wurin likitan da ke duba sugarta ya yi mata bayani, Yaya yana zaune in zai yarda. A watan Maris 2023 masana rigakafi na Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa tsofaffi da masu suga da ciwon zuciya a sahun farko, suka ce a ƙara musu allura wata 6 zuwa 12 bayan wadda aka yi musu ta ƙarshe. In ta amince, a nemo katin allurarta na 2021. In ya ɓace, CSI ɗin da aka yi mata, wato ƙaramin asibitin unguwa, suna da rajista. Ba a sake farawa daga farko, kuma ba dole sai irin ta farko ba, ko Sinopharm aka yi mata ko AstraZeneca ana iya ci gaba da wata. Kafin a ɗauko tsohuwa cikin rana, wani ya je ya tambayi manjo, wato shugaban ma'aikatan CSI ɗin, ko akwai allura da ranar da ake yi. Dalili shi ne kwalba ɗaya ta mutum biyar ce ko shida ko goma, in an huda ta kuma ba ta wuce awa 6, don haka ma'aikata sukan jira mutane su taru kafin su buɗe. In kuka haɗa ta da wasu tsofaffin unguwa kuka je da safe, kun rage wa kanku jira. Ku roƙi a nuna muku ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalbar, wannan haƙƙinku ne, kuma zai kwantar wa Yaya da hankali. Ta ci abinci, ta sha magungunanta kamar kullum, kada a yi mata ranar da take zazzaɓi, ta zauna minti 15 zuwa 30 bayan allurar kafin ku tafi. Garkuwa tana ɗaukar kamar sati biyu kafin ta kama, don haka a yi ta aƙalla sati biyu kafin baƙi su fara sauka. Ciwon hannu da kasala da ɗan zazzaɓi, farasitamol ya isa. Amma in cikin wata guda bayan allurar ta samu ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti a ranar.

In Inna da bakinta ta ce ba ta so, bayan ta ji bayani, ki bar ta. Kada ki yi mata wayo, kada ki yi mata fushi. Sai ku ƙara matsa abu na biyu.

Abu na biyu doka ɗaya ce da ta hau kan kowa, ke da Yaya da amarya da dangin ango: mai tari, ko mura, ko ciwon maƙogwaro, ko zazzaɓi, ba ya shiga ɗakin Inna. Ya gaishe ta daga tsakar gida, da takunkumi, da tazarar taki biyu. Kwana biyar na farko su ne mafi haɗari, bayan su ma ya ci gaba da sa takunkumi kusa da ita har kwana goma. Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci saboda kada ya cutar da mutane, alhali cin ta halal ne. Abin da mutum ya zaɓa wa jikinsa nasa ne har zuwa inda zai taɓa na kusa da shi. Yaya zai fi karɓar wannan daga bakin kawu ko limamin unguwa, kuma in shi ya sanar da ita a matsayin babban gida, ba wanda zai ce ƙanwa ce ta zo daga Yamai da iyayi.

Ranar biki, abin da ya fi haɗari shi ne ɗaki. Kin san yadda ake yi: mata goma sha biyar a kan tabarma da bakin gado, labule a sauke, taga a rufe saboda ƙura, ana hira ana dariya ana guɗa har dare, uwar amarya a tsakiya. Cutar ta iska take bi, kuma a rufaffen ɗaki numfashi taruwa yake yi. Ku shimfiɗa wa Inna a inuwar rumfa ko gindin bishiya a tsakar gida, da safe da bayan la'asar, a nan za a riƙa zuwa yi mata barka. Da rana tsaka zafin Tahoua ba na mai suga ba ne, ta shiga ɗaki ta huta, ƙofa da taga a buɗe, fanka na tura iska waje, kada a wuce mutum uku a ciki. A ba wata jika mai baki aikin tsaron ƙofa, ta ce Inna na hutawa. Baƙin da za su kwana a sauke su wani ɗakin. A sayo kwalin takunkumi na mutum hamsin a farmasi, a canza in ya jiƙe da gumi ko ya yi awa huɗu, a ajiye buta da sabulu bakin ƙofa, Inna ta samu kofinta ita kaɗai. Ke kuma ki sa takunkumi a mota tun daga Yamai, ki iso kwana uku ko huɗu kafin taro, ki kwana wani ɗaki, ki ga yadda jikinki zai yi. Yaya ma in zai iya kammala tafiyarsa ta ƙarshe a daidai wannan lokacin, ya wadatar.

Ku kuma shirya wa ranar da ba a so. Damina ta kawo kai, don haka in Inna ta yi zazzaɓi, a ranar a yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, a kuma nemi na korona, kada a zauna ana canki-canki. A riƙa auna sugarta duk awa huɗu, domin ciwo yana hargitsa ta: in ta tsaya sama da giram 2.5 a lita (g/l) ko ta sauka ƙasa da 0.7, a kira likita. In tana amai ko zawo ko ta kasa shan ruwa, a tambayi likita kafin a ci gaba da ba ta maganin suga na metformin. Farasitamol kada ya wuce giram 1 a sha ɗaya, giram 3 a yini. A guji diclofenac da ibuprofen saboda hawan jini da ƙoda, a kuma guji dexamethasone na masu tallar magani, yana harba suga sama. Ki sa Yaya ya sayo 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Ƙasa da 94 a kai ta a duba, ƙasa da 90 a nufi babban asibitin Tahoua ba jira, ko da ta ce ita ba ta jin komai, domin korona tana iya rage iska mutum bai sani ba. Baƙin lalle da jan farce da sanyin hannu suna rikitar da na'urar, don haka in za a yi wa uwar amarya ƙunshi a bar yatsa ɗaya fari. Saurin numfashi, rikicewar magana, barcin da ba a iya tayar da ita sosai, duk na tafiya asibiti ne nan take.

Kada ki ƙaurace wa bikin, ko da Yaya ya ƙi komai. Autarku sau ɗaya za a kai ta ɗakin farko, kuma in ba ki je ba babu mai lura da taga da tari. Ki kira ta daban ki ba ta haƙuri, ki gaya mata ba abin da za a rage daga bikinta sai wurin zaman Inna.

Game da Yaya kansa, in kun shirya, akwai abin da ya fi gardamar allura amfani. Suga da hawan jini suna bin gida, kuma mutum yana iya ɗaukar shekaru da su bai sani ba. Ranar da zai raka Inna, ki roƙe shi a auna shi shi ma. In aka samu wani abu, likita ne zai yi masa maganar allura, a matsayin mai ciwo da ke buƙatar kariya, kuma wannan zance ne daban da na ƙanwa da wa.

Akwai wani abu da wasiƙarki ba ta ambata ba amma ya dame ni. A gidaje da dama ƙin allurar korona ya zarce ya shafi rigakafin yara, aka daina kai su awo. Ƙyanda ta fi korona saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, allurarta kuma tana hana kamuwa sosai, ga sanƙarau da Yamai ta ɗanɗana a 2015. In kin isa Tahoua, ki zauna da matar Yaya cikin hira ki duba katunan yaran, ki ga ko an yi musu ta ƙyanda ta wata tara da wadda ke biye mata. In akwai wadda aka tsallake, ku kai su ranar da za a kai Inna, ma'aikatan CSI za su duba shekarun kowane yaro su faɗa muku abin da za a cike masa.